Akwatin Fatihu da Ke Kai Murya Ɗambatta

Kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ga kacici-kacici, ku ajiye shi a kumatu kamar goro har mu kai ƙarshe. Wace 'yar aike ce ake yi wa raɗa, ta kai maganar wani gari ba ta taka ƙasa ba, ba ta ƙara kalma ba, ba ta rage ba? Tana ci ko ba a aike ta ba. Ba a yarda ta ji muryar kanta. In kuwa aka sa ta magana ƙofa a rufe, maganar ce za ta juyo ta kashe ta. Kada wani ya ce ni ce. Ni ina ƙari, duk garinmu Kwarin Ɗinya an shaida.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba na 2025, watan Maulidi ya ɗan wuce rabi, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana Fatihu Sha'aban a asibiti a Ɗambatta, yana da shekara talatin da uku. Ciwon sikilar da aka haife shi da shi ne ya tashi, kamar yadda ya saba duk damina, sai dai wannan karon bai kwanta ba. An yi masa sallah bayan Azahar, aka kai shi gabas da gari, kusa da mahaifiyarsa. Ni ce kakarsa ta wajen uwa, Kulu ungozoma. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙar da shi a ransa.

Fatihu, angona. Tun ranar da na yanke maka cibi na gaya wa matan gida na yi miji. Da ka yi baki, ka ce kai ba ka son amarya mai haƙori huɗu. Shekara talatin muna wannan shari'a, ba ka sake ni ba, ba ka kuma yarda na tare ba. Yau kwana ashirin da ɗaya da tafiyarka, kuma akwai laifin da na yi maka bayan ka tafi. Gara in faɗe shi da bakina a gaban jama'a kafin matarka Khairiyya ta riga ni, domin ita ba za ta sa masa gishiri ba.

Ba ka yi noma ba. A garin da ake auna namiji da kunyar da ya kai ƙarshenta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsaranka suna gona, kai kana gindin darbejiya da kumburarrun yatsu, da rediyon marigayi kakanka a cinya. Kana shekara tara ka kwance ta kaf, ka jera kayan cikinta a faifaina, ka ce kana neman mutumin da ke ciki. Kakanka ya ɗauko tsumagiya, na tare. Kwana uku ka mayar da ita, ta yi magana, ga kuma ƙusa biyu sun yi ragowa a faifai har yau ban san mazauninsu ba. Daga nan sai makarantar koyon sana'a a Kano, sai shago a kasuwar Ɗambatta. Tsofaffin ƙauyukan nan sun san shagon. Mutum ya kawo rediyon da ta girme ka, ka zaunar da shi a benci, ka ba shi ruwa, ka saurari tarihin rediyon tun daga ranar da aka sayo ta, sannan ka buɗe ta. Ka ce wanda bai saurari mai kaya ba, ba zai gane ciwon kayan ba.

Wanda bai san garinmu ba, bari in kwatanta masa. A cikin kwari muke, gonaki sun kewaye mu, gero da dawa sun fi mutum tsawo. Waya ba ta kamawa. Mai son kira sai ya haye rafi ya hau tudu, tafiyar rabin awa, in an yi ruwa rafin ya cika kuwa sai haƙuri. Hanyar mota ta ɗaya gefen take, ta zagaye. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, 'yata Asiya, mahaifiyarka, ta haifi ƙanwarka Tahira, jini ya ƙi tsayawa. Muka ɗora ta a amalanken shanu za mu kai ta bakin titi. Ba mu kai ba. Kana shekara sha ɗaya, kana bin mu a baya da takalminta a hannu. Ban taɓa jin ka tayar da zancen ranar ba. Sai shekara biyu da suka wuce ka shigo gida da oba-oba guda biyu, rediyon nan da ake dannawa a yi magana, ka ce ka gama magana da Nababa direba, mai lodi a tashar Ɗambatta, ka sa masa babba a motarsa, ka kuma bi ofis ka karɓo takardar izini. Duk macen da haihuwa ta zo mata da gardama, in danna in kira shi.

Aka kafa eriya a kan dogon bututu a bayan zaure. Muka gwada. Mu muna jin Nababa ras, har da hayaniyar 'yan kamasho. Shi kuwa ba ya jin mu. Na yi ta kwarara masa kira har akuyoyi suka watse. Ka ce, “Iya, ko kin fasa maƙogwaro ba zai ji ba. Ba muryarki ce ta gaza ba, ƙarfin da ke fita ta eriya ne bai isa ya fita daga kwarin nan ba.” A nan aka fara aikin akwatin.

Kullum bayan La'asar kana zaure da Khairiyya, kana haɗawa kana koya mata, domin ka ce aikin da mutum ɗaya ne kaɗai ya san kansa, aro ne. Ni kuma ina gefe da mazarina da audugata, wai kaɗi nake yi. Kunnena duk yana wurinku. Abin ya ba ni mamaki tun farko, yana kuma ba ni har yanzu.

Ka nuna mana wani ɗan abu da bai fi ƙwayar gurjiya ba, ka ce sunansa taransista, shi ne zuciyar aikin. Na ce wannan ɗan mitsitsin ne zai yi ihun da ni na kasa? Ka ce ba ya ihu, ƙofa yake tsaro. Ƙarfin yana cikin batir, kamar ruwa a kududdufin lambu. Ɗan saƙon da ke fitowa daga oba-oba shi ne hannun da ke buɗe bakin kwami yana rufewa, ruwa mai yawa ya bi, ya ɗauki siffar motsin hannun. Na ce to ashe Nababa ba ni zai ji ba, batir zai ji yana kwaikwayona. Ka yi dariya har ka riƙe haƙarƙari, ka ce wa Khairiyya ta rubuta wannan a littafi, tsohuwa ta riga ta ganewa.

Wata rana na ga allurar mita ta ɗan ɗaga alhali ba wanda ke magana. Na ce ɗan naka ɓarawo ne, yana shan batir a zaune. Ka tambaye ni ko ina kashe murhu ƙurmus in na san za a iya yin baƙi. Na ce a'a, ina barin rushi a ƙarƙashin toka. Ka ce shi ke nan, shi ma haka. Sai an bar masa 'yar wuta kaɗan tana gudana, don saƙo na zuwa ya same shi a shirye. In ta yi kaɗan ya yi nawa, in ta yi yawa ya ƙone a banza. Sati guda kuka yi kuna neman wannan tsakiyar. Kuma don yana zafi in yana aiki, ka ɗaure shi da noti a jikin wani ƙarfen alminiyom mai haƙora kamar mataji, ya riƙa shanye zafin. Ni aka naɗa mai taɓa mataji. In ya yi ɗumin jikin jariri, lafiya. In ya kai zafin kofin shayi, a kashe.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta gwajin farko. Ana kunnawa, duk rediyoyin maƙwabta suka ɗauki wani irin kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mahaifinka Malam Sha'aban, yana sauraren tafsiri a ƙofar gida, ya leƙo ya ce in aljanu kuke kira ku yi masa nisa da su. Ka kashe, ka zauna kana kallon akwatin kamar ya zage ka. Can ka ce, “Na'urar ta ji kanta.” Wai wayar shiga da ta fita sun yi kusa, abin da ya fita yana komawa ciki, ta ƙara masa ƙarfi, ya sake komawa, har ta manta da saƙon da aka ba ta tana ta maimaita nata. Irin yadda lasifikar masallaci ke yi in ladan ya matsa kusa da ita. Ka yanko gwangwanin madara ka gina katanga a tsakiyar akwatin, mashiga gefe, mafita gefe. Ka rage tsawon kowace waya har sai da yatsa ba ya shiga, domin a irin wannan aikin, a faɗarka, ko ɗan guntun waya eriya ne. A bakin fita kuma ka sa abin da ka kira rariya, mai tace duk wani tarkacen da ba a aika ba, kada ya faɗa rediyon mutane. Na ce na san mata uku a garin nan da ke buƙatar irin wannan katanga. Ka ce in fara da ta kusa da ni.

Sai maganar mazurari. Ka ɗauko tulu da gorar ruwa mai ƙaramin baki, ka ce Khairiyya ta juye. Rabin ruwan ya fallatso mata a zane. Ka ce haka ƙarfi yake yi tsakanin taransista da eriya in bakinsu bai daidaita ba: abin da bai shige ba baya yake dawowa, kuma ba zane yake jiƙawa ba, zafi yake zama a jikin taransista. Shi ya sa doka ta farko a zauren nan, ba a danna magana in ba a haɗa eriya ba. Don gwaji kuwa ka tanadi wani gwangwani mai cike da mai, da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a ciki, yana shanye ƙarfin kamar eriya amma ba ya kai shi ko'ina. Kai ka sa masa suna kurma.

Mazurarin cikin akwatin kuwa wasu naɗe-naɗen wayar jan ƙarfe ne guda uku, kwayil kuke ce musu. A jikin biro kake naɗa su, zagaye huɗu ko biyar, ka zare biron. To a nan muka saɓa da kai. Ni shekara sittin ina naɗa zare, in na cika mazari ko allura ba ta samun wurin shiga. Naka naɗin kuwa wani zagayen a buɗe, wani a matse, wani ya karkata. Na ce, “Ango, wannan naɗi kamar haƙorana.” Ka ce, “Ki bar min su haka, amarya, haka nake son su.” Ranar da ka yi wa Khairiyya bayanin dalili, ashe ina ƙauyen gaba wurin wata haihuwa. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa yatsunka ne masu ciwo ba sa iya matsewa, kana jin nauyin faɗa. Ban ƙara tsokanarka a kai ba. Na ɗauka rufin asiri nake maka.

Akwatin ya yi aiki. Ranar da Nababa ya amsa, ya ce, “Iya Kulu, ina jin ki kamar kina kujerar gaba,” na ce ya rage wa fasinja lodi tunda ina ganinsa. Mata bakwai aka ɗauka da wannan kira a cikin shekara ɗaya da rabi, duk suna nan da 'ya'yansu. Kowace Juma'a da safe muna gwadawa don a tabbatar.

Yanzu ga laifin. Kafin ciwo ya kayar da kai, ka buɗe murfin akwatin za ka share ƙura, ka bar shi a buɗe a kan tebur. Ranar sadakar uku, mata suna gyaran zaure domin baƙi, abokan sana'arka na Ɗambatta za su zo. Kun san yadda muke yi da kayan mamaci: a wanke, a ninke, a gyara, kada baƙo ya ga abin da zai rage masa daraja. Na kalli kwayil ɗin nan uku, na ce masu gyara za su zo su ga naɗin jikana a wargaje, su ce ashe hannunsa bai faɗa ba. Na sa babban yatsa da manuni na matse su ɗaya bayan ɗaya, tsaf, kamar abawa. Har na ji daɗi. Na ce yau dai na gama maka abin da ka kasa.

Washegari Juma'a. Khairiyya ta haɗa komai, na danna, na kira Nababa. Shiru. Na sake. Allurar da ta saba tafiya har kusan ƙarshe ta ɗan motsa ta tsaya. Na taɓa mataji, ya wuce kofin shayi. Khairiyya ta fizge wayar batir. Ta leƙa ciki, ta daɗe, sannan ta ɗago.

“Iya, wa ya taɓa cikin akwatin nan?”

“Ƙura na share.”

“Ƙura ba ta matse kwayil.”

“To na ɗan gyara masa naɗi. Ai kin ga yadda ya bar su.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a tabarma ta ce, “Iya, tazarar nan ita ce aikin. Wata biyu ya yi yana buɗa su da tsinke, kaɗan-kaɗan, yana duban allura. In an matse, bakin mazurari ya canja.” Sai ta juya ta dubi ƙofar cikin gida, na san abin da take dubawa. Tahira tana ɗakina, ta dawo gida haihuwar fari, watanta ya tsaya. Ƙugunta irin na uwarta ne, ni na karɓi haihuwar su biyun, na sani. Ga sama kullum a haɗe, rafi a cike.

Na ce a kai Kano. Ta ce wa zai kai, wa kuma zai karɓa? Ita tana takaba. Masu gyaran Ɗambatta gwanaye ne a kan akwatin lasifika, wannan kuwa ba irinsa ba ne, kuma ba a kantin kowa aka saye shi ba balle a nemo wani. Ta tashi ta ɗauko littafinka. Ashe ka rubuta kowane kwayil, zagaye nawa, tsawonsa nawa in an buɗa. A gefen shafin har da rubutunka: “Kada a bar Iya ta taɓa.” Ka san ni, ango. Sai dai ka rubuta a inda ba na dubawa.

Ta cire eriya ta haɗa kurma, ta kawo rula da tsinken tsintsiya, domin ƙarfe ba ya shiga wurin. Ta kai hannu, tsinken ya goce mata. Tun rasuwarka ba ta ci abin kirki ba. Ta gwada sau biyu, ta ajiye. Na ce ba ni. Ta dube ni irin duban da ake yi wa akuyar da ta ci shuka ta dawo neman dusa. Na ce hannun nan ya juya jariri a ciki, ya zare ƙaya a idon bijimi, kuma shi ya ɓata, ki gaya masa kawai inda zai bi.

Kwana biyu muka yi. Ta kashe, in sa tsinke in buɗa zagaye ɗaya kamar kaurin gashi, ta auna, ta kunna, mu dubi allura, in taɓa mataji. “Ƙara kaɗan, Iya.” “Ya yi yawa, mayar.” In ya yi zafi mu jira ya huce. Abin da ya ɗaure min kai, sai ka gyara na biyu, na farko ya ce shi ma a dawo kansa. Wato suna jin juna. A nan na gane wata biyun da ka yi, da yatsun da ko maɓallin riga wani lokacin ba sa iya sawa. Ranar Lahadi da hantsi allura ta tafi har inda ka yi mata alama da jan biro, mataji yana ɗumin jariri. Na dubi naɗin. Ya koma kamar haƙorana, wani a buɗe, wani a karkace. Aka mayar da eriya, na danna. Nababa ya ce, “Iya Kulu, kwana biyu ina kika shiga? Na ɗauka ke ma kin yi fushi da mu.” Khairiyya ta rufe fuska da mayafi. Ni na ce masa batir ne ya yi sanyi. Allah ya yafe min wannan ma.

Ranar Litinin, ashirin da biyu ga wata, ana tsaka da yankan gero, naƙuda ta kama Tahira da safe. Zuwa La'asar na ga abin da na taɓa gani sau ɗaya, ban kuma so in sake gani ba. An yi ruwa da rana, rafi ba ya hayuwa. Na fito zaure hannuna ko wankewa ban yi ba, na danna. Kira ɗaya ya amsa. Ya sauke fasinjojinsa a tasha, ya zagayo, kafin rana ta yi ja yana ƙofar gida. A asibiti aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini. Jiya aka yi suna. Mace ce, an sa mata Asiya. Da muka wuce wurin da amalanke ya tsaya shekara ashirin da biyu da suka wuce, ina riƙe da kan Tahira a cinyata, motar ko rage gudu ba ta yi ba.

Akwai tambayar da na yi maka ba ka gama ba ni amsa ba. Na ce maganar nan da ke tashi daga bututu ta bi ta kan gonakin mutane har Ɗambatta, me ya sa ko ganyen dawa ba ta kaɗawa? Ka ce sai ka samu lokaci, bayanin yana da tsawo. Khairiyya ta ce za ta duba littafi. Ina jira. Ta kuma ce in ta fita takaba za ta haɗa na biyu, a ajiye saboda tsaro, ni ce mai naɗi, ita ce mai buɗawa, kuma tsakanina da murfin akwati akwai kwaɗo.

Allah ya jiƙanka, Fatihu. Allah ya sa ciwon da ka sha tun kana zanin goyo ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya haɗa ka da mahaifiyarka a Aljanna Firdausi. Duk macen da aka ɗauka da kiran nan, da duk jaririn da ya yi kuka a dalilinsa, Allah ya kai ladan makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka Malam Sha'aban, da matarka Khairiyya, Allah ya ba ta haƙuri ya raya mata 'yarku Sa'adiyya da ka bari, da ƙanwarka Tahira, da Nababa wanda ya yi kuka a maƙabarta ya ce hayaƙin mota ne, da tsofaffin da za su zo shago su tarar da benci babu mai saurarensu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Amsar kacici-kacici: amfilifaya ce, mai ƙara wa saƙon rediyo ƙarfi. Tamu tana rataye a bangon zauren Malam Sha'aban, hannun dama in ka shiga, cikin akwatin alminiyom da bai fi kwanon sha girma ba. Kwayil uku ne a cikinta, ba a matse su.